Yardar Ɗan Shekara Goma Sha Tara

A kowace shekara, daga wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da sanyi ke sakin Amurka, jami'o'in ƙasar kan buɗe filayensu domin abin da suke kira atisayen bazara na ƙwallon zari-ruga. Ba a gasa a wannan lokaci, domin sai ƙarshen Agusta kakar wasa take farawa. Babu kofi, babu maki, babu baƙuwar ƙungiya. Dokar NCAA, wato hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta ba kowace babbar ƙungiya damar yin atisaye sau 15 a cikin kwana 34, kuma a 12 daga ciki an yarda 'yan wasa su gwabza jiki da jiki. Samari ne 'yan shekara 18 zuwa 23, wasunsu sun haura kilo 130, kowa da hular kwano a ka, suna taho-mu-gama da waɗanda za su zauna aji ɗaya da su gobe da safe.

Ga wanda bai taɓa kallon wasan ba, ya isa ya san cewa karo shi ne ginshiƙinsa. A duk lokacin da aka saki ƙwallo, ƙarti biyar na wannan ɓangare sukan yi arangama da na wancan ɓangaren, sannan wanda ke ɗauke da ƙwallon ba ya tsayawa sai an kayar da shi ƙasa. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa. Ƙwaƙwalwa kuwa tana lilo ne a cikin ruwa a cikin ƙoƙon, don haka idan kai ya tsaya cak bayan gudu, ita takan ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki, kuma babu hular da ke hana wannan.

Abin tambaya a nan shi ne: idan baligi mai hankali ya ce ya ji ya gani, ya yarda a riƙa bugun kansa domin wasan da yake ƙauna, shin yardarsa ta wanke waɗanda suka shirya masa filin? Masu cewa ta wanke suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. John Stuart Mill, a littafinsa kan 'yanci na 1859, ya kafa ra'ayin cewa al'umma ba ta da ikon hana baligi wani abu don kawai zai cutar da kansa, sai idan cutarwar za ta shafi wani. A Amurka ɗan shekara 18 yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja, yana iya hawa dutsen da mutane ke mutuwa a kansa. A kan me za a ce bai isa ya zaɓi zari-ruga ba? Ƙari a kan haka, ga dubban yara daga gidajen talakawa, da yawansu baƙar fata, wannan wasa shi ne ƙofar shiga jami'ar da iyayensu ba za su iya biyan kuɗinta ba. Wanda ke zaune a inuwa yana cewa a hana wasan ya kamata ya fara faɗa mana wace ƙofa zai buɗe musu a madadinta.

Na karɓi wannan hujja a kan wasan ranar Asabar, ranar da ake gasa ta gaske. A kan atisaye ne nake ganin ta yi rauni, kuma a atisayen ne galibin ɓarnar take. A watan Fabrairun 2021 mujallar likitoci ta JAMA Neurology ta wallafa binciken da aka yi a kan 'yan wasa 658 na manyan jami'o'i shida, daga kakar 2015 zuwa ta 2019. Kashi 72 cikin ɗari na girgizar ƙwaƙwalwar da aka samu a atisaye ta faru, kuma kusan rabinta ta auku ne a makonnin share fage na Agusta, alhali waɗannan makonni kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na tsawon kakar. Binciken ya duba kakar wasa ne da share fagenta, amma darasinsa ya shafi bazara kai tsaye, domin a bazara babu komai sai atisaye. Raunin da ɗan wasa ya samu a gasa yana da uzurin cewa akwai abokin hamayya da ba a iya sarrafa shi. A atisaye koci ne ke riƙe da usur, shi ya tsara wa zai kara da wa, sau nawa, kuma na minti nawa. Kowane bugu a filin atisaye wani babba ne ya rubuta shi a takarda tun daren jiya.

Sannan mu duba ita kanta yardar. Yarda ta gaskiya tana buƙatar mutum ya san abin da ya yarda da shi, kuma ya kasance yana iya cewa a'a ba tare da ya rasa komai nasa ba. Bazara ita ce lokacin da ake rabon gurabe: manyan 'yan wasa sun kammala karatu sun tafi, koci yana duba wanda zai gaje su. Yaron da ya shekara biyu a benci ya san cewa waɗannan ranaku 15 su ne damarsa. Idan ya ji jiri bayan karo, ya san in ya faɗa za a cire shi na mako ɗaya ko fiye, kuma kafin ya dawo wani ya zauna a kujerarsa. Girgizar ƙwaƙwalwa ba kamar karaya ba ce da kowa zai gani. Sau da yawa sai wanda ta sama ya faɗa da bakinsa, ga shi kuma gaɓar da zai yi amfani da ita ya yanke shawarar faɗa ita ce aka buga. An ɗora alhakin kai rahoto a kan mutumin da ya fi kowa asara idan ya kai, a daidai lokacin da tunaninsa ya fi rauni.

Derek Sheely ɗan shekara 22 ne, yana buga wa Jami'ar Frostburg da ke jihar Maryland, ƙaramar makaranta da a lokacin ba ta ma ba da tallafin karatu saboda wasa. Ya faɗi a filin atisaye a watan Agustan 2011, ya rasu bayan 'yan kwanaki sakamakon raunin ƙwaƙwalwa. A ƙarar da iyayensa suka shigar sun yi zargin cewa goshinsa ya yi ta zubar da jini a kwanakin da suka gabata, kuma da ya ce kansa na ciwo sai aka daka masa tsawa ya koma fili. An sasanta ƙarar a 2016 a kan dala miliyan 1.2 ba tare da wani ya amsa laifi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin da NCAA ta ɗauka a takardun kotu, cewa doka ba ta ɗora mata nauyin kare lafiyar 'yan wasa ba. Wannan hukuma fa asalin kafa ta ke nan. A 1905 jaridu sun ƙirga mutum aƙalla 18 da suka mutu a wasan, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa, a 1906 aka kafa ƙungiyar da ta koma NCAA a 1910.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi ta farko zurfi. Wa ya yarda, kuma wa zai biya? A 2002 wani likitan binciken gawa ɗan Najeriya, Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster a birnin Pittsburgh. Webster tsohon gwarzon ƙwararru ne da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru cikin ruɗewa da mantuwa. Omalu ya ga tarin wani sinadari mai suna tau a ƙwaƙwalwar, irin lalacewar da tun 1928 aka san alamunta a jikin 'yan damben Turawa, ya wallafa sakamakon a 2005. Ciwon shi ne ake kira CTE, kuma har yanzu sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da shi. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston sun same shi a ƙwaƙwalwa 48 cikin 53 na waɗanda suka tsaya a matakin jami'a. Dole a yi hattara da wannan adadi, domin iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamatansu, saboda haka ba ya nuna cewa tara cikin goma na 'yan wasa za su kamu. Abin da ya nuna shi ne ba sai mutum ya kai matakin ƙwararru ba. Owen Thomas na Jami'ar Pennsylvania ya kashe kansa a Afrilun 2010 yana da shekara 21, aka sami farkon CTE a ƙwaƙwalwarsa, alhali ba a taɓa rubuta masa girgizar ƙwaƙwalwa ko sau ɗaya ba. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa ciwon ne ya kai shi ga abin da ya aikata. Amma binciken da ya biyo baya yana ƙara nuna cewa jimillar bugun da kai ya sha a tsawon shekaru ita ce ke da alaƙa da ciwon, har da ƙananan da ba sa sa mutum jiri, kuma irin waɗannan su ne abincin yau da kullum a filin atisaye.

Wato ɗan shekara 19 ne ke sa hannu, ɗan shekara 50 ne zai biya, kuma ba a tambayi na biyun ba. Za a ce ai duk shawarar ƙuruciya haka take, mai shan sigari ma dattijon gobe yake cuta. Gaskiya ne. Bambancin shi ne jami'a ba ta ɗaukar malami ta biya shi miliyoyin daloli don ya tsara wa ɗalibai jadawalin shan sigari. Kuma abin da ake sa wa a caca a nan shi ne hankali, wato abin da mutum ke yarda ko ƙi da shi. Shi kansa Mill ya ce 'yanci bai haɗa da 'yancin mutum ya sayar da kansa bawa ba, domin hakan rushe tushen 'yancin ne. Malaman usulu irin su Imam Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye hankali a cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Ta kowace hanya aka bi, makarantar da aka gina domin raya hankali ta karɓi amanar da ba za ta sauke ta da cewa yaron ai shi ya so ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a nan babban ya hango, domin sakamakon binciken yana kan teburinsa.

Kocina suna da amsa, kuma ita ma ba ta banza ba ce: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai koyi yadda ake kayar da mutum da kafaɗa a atisaye ba, ranar gasa da ka zai shiga, ya karya wuyansa. To amma koyon dabara daban, maimaita karo daban. Buddy Teevens, kocin Kwalejin Dartmouth a wancan lokaci, ya hana 'yan wasansa kayar da juna a atisaye tun 2010, har da na bazara. Suka koma koyo a kan katifu da gumakan roba, daga baya ɗaliban injiniya na makarantar suka ƙera masa wani mutum-mutumi mai gudu da ake sarrafawa daga nesa. An yi masa dariya da farko. Dartmouth ta raba kambun gasar Ivy a 2015 da 2019 da 2021, kuma a 2016 kocina takwas na gasar suka amince baki ɗaya su daina kayar da juna a atisayen cikin kaka. Na san Ivy ba ta kai ƙarfin gasar da Alabama da Georgia ke bugawa ba, kuma mai son musu zai tsaya a nan. Sai dai nauyin kawo hujja ya koma kan wanda ke son a ci gaba da bugun, tunda an nuna ana iya cin kofi ba tare da shi ba.

Mu da ke cika fili muna ihu idan ɗan dambe ya yi kisa ba mu da bakin yi wa Amurkawa gori a kan son kallon bugu. Abin da ya bambanta nasu shi ne girman kuɗin da sunan makaranta da ke kansa. A shekarun 1950 ne NCAA ta yayata laƙabin ɗalibi-ɗan-wasa, kuma Walter Byers da ya shugabance ta ya bayyana daga baya cewa an yi haka ne don kada kotu ta ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikata. Matar Ray Dennison, wanda ya mutu da raunin ka a wasan wata kwaleji a jihar Kolorado a 1955, ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta. Yau abubuwa sun canja: tun 2021 'yan wasa na iya karɓar kuɗin talla, kuma a Yunin 2025 wata alƙaliya ta amince da sasantawar da ta ba jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan gyara ne na zalunci na gaske. Tsorona shi ne a mayar da shi sabon uzuri, a ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Galibin kuɗin taurari kaɗan ne za su kwashe, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasan jami'a ne ke kaiwa gasar ƙwararru ta NFL, kuma yaron da aka fi bugu a atisaye sau da yawa shi ne na benci da ake jerawa don taurarin su gwada ƙarfinsu a kansa.

Hukumar ta ɗan motsa. A 2017 ta hana atisayen gwabzawa sau biyu a rana ɗaya, a 2021 kuma, bayan wancan bincike, ta rage ranakun gwabzawa na Agusta daga 21 zuwa 18, ta haramta atisayen da ake kira Oklahoma, inda ake tsayar da mutum biyu a ƙunƙuntaccen wuri su yi karo kai tsaye. A ganina bazara ce wurin da ya fi sauƙin yankewa, domin wata huɗu ne tsakaninta da wasan farko, kuma babu abin da za a rasa idan aka mayar da ranakun 15 na gudu da koyon dabara da katifu. Akwai dai bikin rufe atisayen, wasan da ƙungiya ke rabuwa biyu ta kara da kanta, wanda a 2016 ya tara mutum sama da 100,000 a filin Jami'ar Jihar Ohio. A 2025 manyan makarantu da dama sun soke wannan biki, ciki har da Nebraska. Dalilin da kocinta Matt Rhule ya bayar shi ne idan aka nuna 'yan wasansa a talabijin, wasu jami'o'i za su gani su zo da kuɗi su janye su.