Ma'aunin Zuciya: Yadda Mutum Ke Koyon Rarrabe Daidai da Kuskure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ga baitin da zan yi sharhinsa:

Ya mai awo, auna kanka kafin tiya,
Zuciya ma'auni ce, tana son gaskiya,
Yaro bulala ce take hana shi ƙarya,
Babba idon jama'a yake wa kunya,
Na Allah shi ko a duhu yana kan hanya.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi maka rahama, ba a haihuwar mutum da sanin halal da haram. Ana haihuwarsa ne da zuciya mai karɓar tarbiyya, sa'an nan ya hau matakala uku.

Ta farko ita ce tsoro. Yaro yana barin ɗaukar ƙuli-ƙulin mai talla don gudun bulala, in babu mai bulala sai ya ɗauka. Ta biyu ita ce kunya. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111), ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumid Din cewa ɓullowar kunya ga yaro alama ce ta ketowar hasken hankali, kuma hali yana canzuwa ta hanyar sabo da horo. Amma mai kunyar mutane kaɗai, in dare ya rufe shi, sai ya koma yaro. Ta uku ita ce muraƙaba, watau bawa ya sakankance Allah yana ganinsa, ya riƙa yi wa kansa hisabi. Da wannan hisabi ne aka yi wa Harisu Muhasibi laƙabi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 (857).

To, ina amfanin wannan bayani? Bari in kawo misali daga ƙasarmu. A shekarar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka, sai yunwa ta kama yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2005. A kasuwanni da dama akwai hatsi, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Ka ɗauki ɗan kasuwa mai sito cike da gero a wannan shekara. Yana da iyali, ana binsa bashi, ya kuma san in ya jira wata biyu tiya za ta ƙara tsada. Maƙwabcinsa kuwa ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe. Me zai yi?

Mai matakala ta farko zai duba ko hukuma za ta kama shi. Mai ta biyu zai duba abin da gari zai ce. Mai ta uku zai yi wa kansa tambaya uku. Da fari, mene ne hukuncin Allah a nan? Domin ilimi yana gaba da aiki, in bai sani ba ya tambayi malamai. Za su gaya masa ajiye hatsi ba laifi ba ne a kan kansa, Annabi Yusufu ya tara abincin shekara bakwai ya ceci mutanen Masar da shi. Abin da aka hana shi ne saye a ɓoye don a ƙuntata wa jama'a lokacin buƙata. Na biyu, wa zai cutu in na jira? Na uku, da ni ne maƙwabcin nan, me zan so a yi mini? Rumbu ɗaya ne, amma niyya da halin da mutane ke ciki su ke raba shi, wani ya zama ceto, wani ya zama zalunci.

Wani zai ce, ai zuciyata ta natsu da abin da na yi. Ni dai ina cewa a yi hattara. Ma'aunin da aka lotsa gindinsa, kullum cike yake nunawa alhali ya rage. Zuciyar da ta saba da cin haƙƙi ba ta ƙara yin ɗar. Saboda haka natsuwar zuciya ba hujja ba ce sai an gyara ta da ilimi, da zama da mutanen kirki, da gaskiya a ƙananan abubuwa. Wanda bai iya mayar da dala ɗaya ta canji ba, yaya zai buɗe sito ran yunwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka, ya ku iyaye da malaman allo, kada ku tsaya ga bulala. In kun hana yaro abu, ku gaya masa dalili, ku nuna masa wanda zai cutu, ku kuma bari ya gan ku kuna cika mudu ko ba mai kallo.

Allah ya daidaita ma'auninmu kafin ranar awo. Amin. Wassalamu.