Sai Gobe: Wane Jinkiri Ne Alheri?

Jama'a, kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, ya kamata in fara tona wa kaina asiri. Wata biyu ke nan da editan wannan mujalla tamu ya roƙe ni in kawo maƙala, na ce masa ya ɗauka ta samu. Tun daga ran nan babu abin da ban yi ba, in ban da rubutun. Na wanke tufafin da ba su yi datti ba, na sake jera littattafaina, na raka baƙin wasu tasha. Sai da ya aiko mini cewa jibi za a kai aiki maɗaba'a sannan na zauna. Saboda haka duk abin da zan faɗa game da wannan cuta ta "sai gobe", a ɗauke shi maganar majinyaci, kada a zaci ta likita ce.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne Bahaushe ya yi magana biyu a kan jinkiri, kuma kowace da gaskiyarta. Shi ya ce wani jinkirin alheri ne, ya ce sauri ya haifi nawa. Shi ne kuma ya juyo ya ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, da sanyin safiya ake kama fara, ba a fafe gora ranar tafiya. To, mutumin da aiki ke gabansa, yaya zai gane wace ce tasa a cikin maganganun nan? In kuwa ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ya kwanta, laifi ya yi, ko kuwa hali ne kawai wanda bai shafi kowa ba?

Ni mutumin Zakka ne, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, a yammacin Jihar Katsina, ba nisa da Dajin Rugu. Daminarmu gajeruwa ce. Ruwa kan zauna wajen watan Yuni, kafin Oktoba ta yi nisa ya ɗauke, gero kuwa yana bukatar kamar wata uku kafin ya nuna. Watau duk abincin shekara ya rataya ne a kan 'yan kwanakin nan na shuka. A can na fara ganin bambancin da nake nema, ko da yake ban gane shi ba sai da na girma.

Shekarar da aka fara yanka mini gayauna a gefen gandu, an yi wani ruwa da dare a ƙarshen watan Mayu. Gari na wayewa na ɗauko sungumi ina rawar jiki. Baffana ya tsugunna, ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshi bai wuce tsawon yatsa ba, ya ce, "Mai da sungumin nan, yaro. Wannan ruwan kwantar da ƙura ne. Wanda ya zuba iri yau, ya yi wa tururuwa sadaka." Haka kuwa aka yi, aka kwana goma sha ba ko ɗigo, waɗanda suka yi gaggawa sai da suka sake neman iri.

Da ruwan gaske ya sauka cikin Yuni, tun kafin rana ta fito Baffa ya leƙo ɗakinmu ya ce, "Ku tashi, ƙasa ta sha." Muka yi kwana biyu muna shukar gandu. Ranar da aka bar wa kowa ya yi tasa, na ce jikina ya yi tsami, sai gobe. Goben ta zo, ranar kasuwa ce. Washegari na je na tarar saman ƙasa ya bushe, na ce ai gara in jira wani ruwan. Da Baffa ya wuce ya ga gayaunata fayau, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ai ita ƙasa ba ta san gobe ba." Sai bayan mako biyu na yi shuka. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, gerona ya fid da kai amma ido bai cika ba. Ɗan'uwana da muke iyaka ya ɗaure dami goma, ni na tashi da uku.

Mai karatu ya lura, mutum ɗaya ne ya ce mini in jira, shi ne kuma ya ce in tashi. Jiran da ya sa ni na farko yana da abin da ake jira, watau danshi ya kai zurfin da iri zai rayu, kuma ana iya tona ƙasa a ga ko lokacin ya yi. Jiran da na ƙirƙiro wa kaina babu abin da ake jira cikinsa sai ranar da zuciyata za ta so aikin. A ganina ma'aunin ke nan. Duk mai cewa "ba yanzu ba", a tambaye shi me yake jira, kuma wace alama zai gani ya san lokaci ya yi. In ya iya faɗa, jinkirinsa na hikima ne. In ya kama inda-inda, to yaudarar kansa yake yi.

Akwai kuma wani jinkirin wanda ba na son a gwama shi da waɗannan. A shekarun baya-bayan nan manoman ƙasar Safana da Batsari da yawa sun makara wajen shuka, wasu ma sun bar gonakinsu na nesa sun zama saura, saboda 'yan bindiga da suka mai da Dajin Rugu mafaka. Mutumin da ya ga ruwa ya sauka, iri na hannunsa, amma ya tsaya sauraron labarin hanya kafin ya fita, ba rago ba ne. Wanda ya kira shi rago bai san abin da ake ciki ba. Na kawo wannan ne domin shi ya fi kunyata ni. Akwai mai son ya fara aiki an hana shi, ga ni nan ba wanda ya tare mini hanya tsakanin ɗakin kwana da laburare, amma na kasa zuwa.

To, me ke sa mutum ya san abin da ya fi masa amfani, ya kuma ƙi yin sa? Tambayar tsohuwa ce. Girkawan dā suna kiran wannan hali akrasiya, watau kasa mallakar kai. Sokiratis, kamar yadda almajirinsa Aflaton ya kawo, yana ganin babu mai zaɓen abin da zai cuce shi yana sane, duk wanda ya yi haka lissafi ne ya kuɓuce masa, daɗin da ke kusa ya yi masa girma a ido fiye da wahalar da ke nesa. Aristotal bai gamsu ba, ya ce abin da muke gani kullum ya nuna mutum kan sani, amma sha'awa ta danne sanin har ya zama kamar na mai barci. Malamanmu na zaure kuwa suna kiran abin taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wadda ake faɗa in za a yi abu nan gaba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta mai wannan hali da mutumin da ya zo tuge itace, ya ji ya yi masa ƙarfi, ya bar shi sai baɗi, ya manta cewa itacen ƙara kafuwa yake yi, shi kuwa ƙarfinsa raguwa yake.

Mu ɗaliban yanzu mun fi son ɗora laifin a kan wayar hannu. Ni ma haka na ɗauka, har watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Safana da Batsari. Ina gida a lokacin, ga littattafai na zo da su, babu Facebook, babu WhatsApp. Na ce to yau karatu ya samu. Wallahi sai na koma zaman dandali da kallon masu dara. Muna kuma cewa lokaci ne ba mu da shi. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu nawa ne muka dawo da ko babi ɗaya a rubuce? Wani Bature mai suna Parkinson ya lura tun 1955 cewa aiki kan kumbura ya cinye duk lokacin da aka ba shi.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi wani bayani a 2013 wanda na ga ya fi kusa da abin da nake ji a raina. Suka ce mai jinkiri gudun ɓacin rai yake yi. Aikin na zuwa da fargaba, ko gundura, ko shakkar kai, da zarar mutum ya ture shi sai ya ji sanyi nan take, wannan sanyin ne kuma ke koya masa ya sake turewa gobe. Da na binciki kaina na tarar haka ne. Kundin digirina da na kasa farawa, ba wuyar rubutu ke hana ni ba. Muddin ban fara ba, ina iya ci gaba da ɗaukar kaina gwani. Ranar da na sa alƙalami a takarda, ranar za a ga iyakar abin da na sani.

Yanzu sai mu koma ga tambayar ko laifi ne. Wani zai ce ai kaina na cuta, ina ruwan wani. Ban yarda ba, saboda dalili biyu. Na farko, ni na yau da ni na gobe kamar maƙwabta biyu ne, ɗaya na ci, yana tura wa ɗayan bashi ba da izninsa ba. Da wani ne ya yi mini haka da na kira shi azzalumi. Na biyu, a ƙasar Hausa da wuya a sami wanda asararsa ta tsaya a kansa shi kaɗai. Dami bakwai da na rasa a gayauna, Baffa ne ya cike gurbinsu daga rumbun gandu. Kuɗin makarantar da ake aiko mini kuwa, na san wake da dawa aka sayar, na kuma san irin fargabar da aka noma su cikinta. In na maimaita shekara saboda "sai gobe", wani ne zai sake shiga gona da ransa a hannu don ya biya.

Amma fa ban ce mai wannan hali ya zauna yana zagin kansa ba. In gudun ɓacin rai ne asalin cutar, zagin kai ƙara mata itace ne. Dabara ta fi amfani, kuma akwai misali daga manoma 'yan'uwan namu. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun yi bincike a yammacin Kenya, aka buga shi a 2011. Sun tarar manoma da yawa suna da niyyar sayen takin zamani, amma sukan ɗaga sayen har kuɗin kaka ya ƙare. Da aka zo musu da takin nan da nan bayan girbi, aka ce wanda ya biya yanzu za a kai masa har gida kyauta, sai masu sa taki suka ƙaru ƙwarai. Ba a yi wa kowa wa'azi ba. An dai kawo shawarar ne a lokacin da kuɗi ke hannu, aka kuma sa mata wa'adi. Biyun farko cikin masanan nan suna cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Mutanen Zakka sun san wannan dabara tun kafin a rubuta ta. Manomi kan ware irin baɗi tun ranar girbi, ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya rataye inda hannu ba zai kai ba ranar yunwa. In noma ya fi ƙarfinsa ya kira gayya, domin wanda ya sa wa mutane rana ba ya iya kwanciya ranar. Ban kuma taɓa jin Baffa ya ce yau zai nome gona ba. Cewa yake bari ya fid da kunyar nan, in ya kai ƙarshenta ya juyo da ta kusa da ita. Ɗalibi ma yana iya yin haka. Ya daina cewa zai rubuta kundi, ya ce bayan sallar Asuba zai rubuta shafi ɗaya, ko da mummuna ne. Ya gaya wa malamin da ke duba aikinsa ranar da zai kawo babi, ya nemi aboki su riƙa bin juna bashi.

Ban ce na warke ba, maƙalar nan ma shaida ce a kaina. Abin da na samu dai shi ne tambayar da nake yi wa kaina duk lokacin da "sai gobe" ta zo bakina: me kake jira? In na sami amsa, in jira da kwanciyar rai. In ban samu ba, in tashi. Makon jiya na kai wa malamina shafi huɗu na babin farko, ya cika su da jan biro, ya ce in dawo da su ran Litinin. Allah ya sa mu dace, amin.