Fatawa kan Bai wa Ɗan'uwa Kyautar Ƙoda

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Kiru nake. Yayana yana zuwa Kano wankin ƙoda, likitoci sun ce sai dashe, kuma tawa ta dace da shi. Dangi sun sako ni gaba a WhatsApp, wai ba ni da zumunci. A Facebook kuma ana yaɗa cewa haramun ne, wai wanda ya bayar ba ya ƙara haihuwa, kuma da naƙasa zai tashi ranar ƙiyama. Mene ne hukuncin?

Amsa: Alhamdu lillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah ya ba yayanka lafiya.

Bayar da ƙoda halas ne a wurin mafi yawan malaman zamani. Haka majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta yanke a Makka a 1985, sannan majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Jidda a 1988. Hujjarsu girman ladan ceton rai, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 32. Wasu, irin su Shaihu Sha'arawi na Masar, sun hana, suna ganin jiki amana ne. Maganar farko ta fi ƙarfi, bisa sharuɗɗa uku: likitoci amintattu su tabbatar ba za ka cutu ba, ka bayar da yardarka, kuma ba ciniki. Sayar da ƙoda haramun ne, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana. A kan safarar mutum don cire masa ƙoda aka ɗaure Sanata Ike Ekweremadu a Ingila a 2023.

Batun haihuwa jita-jita ce. Mai lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya, ya yi noma, ya haihu, sai dai ya riƙa zuwa gwaji. Tun 2002 ake wannan dashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, can za ka kai tambayarka. Maganar ƙiyama kuwa ba ta da asali: wanda zai raya ƙasusuwan da suka rududduge, ƙoda ba za ta gagare Shi ba.

Amma bayarwar ba wajibi ba ce. Babu mai ikon tilasta maka, ko mahaifi ne, kuma kunyatar da kai a idon dangi zalunci ne. In ka bayar kana da lada mai yawa, in ka ƙi babu zunubi. Ka yi istihara, ka shawarci iyalinka.

Wallahu a'alam.