Ƙaramin Tabo ko Ɗinki Mai Ƙarko?

Akwai wani tantani da ya raba ƙirji da ciki. Cikin jarirai kimanin 3,000 akan haifi ɗaya da ɓula a wannan tantani, galibi ta hagu, sai hanji ya haura ƙirji ya danne huhu, numfashi ya gagara. A 1946 Likita Robert Gross na Boston a Amurka ya tsaga wani jariri sabon haihuwa ya ɗinke ɓular, yaro ya rayu.

Yau kuwa likita na iya huda 'yan ƙananan kafofi a ƙirji, ya zura kyamara da siraran kayan aiki, ya yi ɗinkin. Tabo kaɗan ne, zafi ma da sauƙi. Amma fa ɗinkin nan ya fi na tsagawa yawan warwarewa, iskar kabon da ake hurawa a ƙirji kuma takan taru a jinin jariri.

To, wa zai zaɓa? Jariri ba shi da baki. Iyaye kuwa, da sun ji "ba tsagawa" sai hankalinsu ya kwanta. Gaskiya ne da koyo akan iya, amma a jikin ɗan wani ake koyon. Saboda haka a ganina wajibi ne likita ya gaya wa iyaye haɗarin kowace hanya, da yawan irin wannan aiki da ya taɓa yi da hannunsa. Yardar da aka samu ta hanyar ɓoye rabin gaskiya ba yarda ba ce.