Tallafin Ambaliya: Hakki Ne Ko Alfarma?

Mu mazauna Ɗan Iya, a cikin birnin Bauchi, ambaliya kan iso mana ne ta kasuwar Muda Lawal, ranar da mudun shinkafa ya ƙara kuɗi. Shi kuwa mutumin Jama'are ko Zaki, wanda gonarsa ke bakin kogi, takan iske shi ne cikin dare, gari ya waye ba gero, ba rumbu. Daga nan sai mu ji a rediyo cewa gwamnati za ta kai masa ɗauki. To, abin da za a miƙa masa ɗin, mene ne sunansa? Hakki ne ko alfarma?

Tambayar ba ta wasa da kalmomi ba ce, domin kuwa sunan da aka raɗa wa abu shi ke nuna yadda za a miƙa shi. A 2012, bayan babbar ambaliyar shekarar, Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi rukuni-rukuni, Bauchi ta faɗa a na biyu, mai naira miliyan 400. Mun ji adadin kuɗin sarai. Abin da ya fi damun manomi, wato da wane ma'auni za a auna asararsa da kuma yaushe abin zai zo hannunsa, ba kasafai ake shelanta shi a irin wannan sanarwa ba. Alfarma ba ta da ma'auni, ba ta kuma da ranar zuwa. Wanda aka yi wa kyauta ba ya cewa ta yi kaɗan, ba ya cewa ta makara, ko da irin shuka ya iso bayan lokacin shukar ya wuce. Godiya kawai ake jira daga gare shi.

Abin mamaki shi ne, zaurukan karatun garin nan sun daɗe da sanin wata amsa. A fikihun Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, idan mutum ya sayi 'ya'yan itace tun suna bisa, annoba ta halaka sulusinsu ko fiye, to sai a rage masa kuɗin gwargwadon abin da ya halaka. Ba roƙo zai yi ba, hukunci ne alƙali zai zartar. Ga ma'auni, ga kuma wanda nauyin ya hau kansa. Manufar a fili take: masifar da ta sauko daga sama ba a barin ta a wuyan mutum ɗaya. In kuwa haka ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, ina ga tsakanin manomi da mu da muke cin guminsa shekara da shekaru?

Wani zai ce ai akwai inshorar noma, wadda gwamnatin tarayya ta fara tun 1987 take kuma biyan wani kaso na kuɗin shigarta. Gaskiya ne, kuma ita ta fi kama da hakki. Sai dai akasari takan bi manomin da ya ci bashin banki ne. Wanda ya noma gonar aro da kuɗin akuyar matarsa ba shi da takardar da zai nuna. Idan masu rubuta sunaye suka iso ƙauyen suka tambayi gonar wane ne ruwa ya ci, amsar gaskiya ita ce sunan mai gonar, wanda wataƙila maƙwabcinmu ne a nan Ɗan Iya.