Fitilar da Ke Iya Yin Ƙarya

A gaban direban Corolla ko Camry 'yar Kwatano akwai wata 'yar jar fitila. Ka zare makulli, ta shiga ƙiftawa. Ka zura wanda motar ta sani, ta mutu. Ita dai labari take bayarwa. Masu gadin na gaskiya suna ciki: ɗan cif a kan makulli, zoben waya da ya kewaye ramin makullin, da kwamfutar da ke hana injin tashi in lambar ba ta dace ba. Tun 1998 aka wajabta wannan tsari ga sababbin motoci a Jamus da Ingila.

Mu masu wayarin mota mun san fitilar nan na yin ƙarya iri biyu. Wayarta kan goge ta haɗu da wata mai wuta, sai ta kama ta ƙi mutuwa alhali komai lafiya lau. Ko soket ya yi tsatsa bayan wankin mota, sai ta yi shiru ko da matsala. Shi ya sa tambayata ta farko ita ce, "Alhaji, tana tashi?" In tana tashi, motar ta gane makullinta. Sai in jona sikana. In ban ga lamba irin B2796 ba, wadda ke nuna cif bai amsa ba, sai in umarci fitilar ta kama daga sikanar, in bi wayar da mita. Kwamfuta ce ƙarshen abin da nake zargi.

Zuciyar mutum ma fitilar gargaɗi ce irin wannan. A nan tambayata take: shin zuciya shaida ce da ba a bincikarta? Wani zai ce "hankalina bai kwanta ba", ya ɗauka ya kawo hujja. Wani ya ce "hankalina kwance yake", ya ɗauka an wanke shi.

Malaman Malikiyya ba su yarda da haka ba. A Ahalari da muka karanta a zaure, shakkar karyewar alwala tana wajabta sabuwa, amma an keɓe mai waswasi: shi ba komai a kansa. Wato sun gane cewa wani lokacin mai gargaɗin ne ba shi da lafiya, kuma biye masa ƙara cutar yake. Ɗaya gefen ya fi ban tsoro. Aya ta 14 a Suratul Muɗaffifina ta yi maganar tsatsar da ayyukan mutum ke yi wa zuciyarsa, a surar da ta buɗe da masu tauye mudu. Wanda ya saba da tauyewa barcinsa yake sha, kuma barcin ba ya wanke shi.

To, a daina sauraron zuciya ke nan? In fitilar mota ta dame su, wasu kan ce min, "Oga, liƙe ta da baƙin tef kawai." Ba na yi. Gyara ake yi, kuma gyara na farawa da gwaji a kan abin da aka tabbatar. Ka ɗauki laifin da babu saɓani a kansa, kamar sa wa mutum tsohon kaya ka karɓi kuɗin sabo, ka duba ko zuciyarka na motsawa. In tana ihu a kan digon ruwan alwala amma ta yi gum a kan haƙƙin mutane, ka kai ta gaban malami da abokin da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya, domin zuciya ba ta iya auna kanta da kanta.