Taki da Tsarki a Ƙasar Damagaram

Noman gero a kudancin Damagaram ya daɗe yana tafiya bisa ƙa'ida guda: abin da gona ta bayar, gona yake komawa. Bayan girbi, kara da harawa su zama abincin dabbobi. Kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida su taru a juji. Kafin ruwa ya sauka a kwashe a mangala ko amalanke a mayar gona.

Gawo ne ginshiƙin wannan tsari. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana. Da rani kuma ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa, su bar taki a gindinsa. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani kan duk mai sare shi. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Mirriya, Magarya da Matamaye suka koma rainon tsiron gawo a gonakinsu, har miliyoyin itatuwa suka dawo.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan tsari na mayar da taki gona ita ce: shin ƙazanta tana dawwama a ƙazanta? Mazhabar Malikiyya, wadda malaman zaure na Zinder ke karantarwa, ta ɗauki kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta a matsayin mai tsarki, muddin ba najasa take ci ba. Malamai kuma sun tattauna yadda najasa ke tsarkaka idan ta rikiɗe ta zama wani abu dabam. Fiƙihu dai bai sa wa manomi ƙyamar abin da gonarsa ke rayuwa da shi ba, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce ga ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa. Alƙur'ani ya hana almubazzaranci. Zubar da taki a kwata nau'i ne na almubazzarancin da ba kasafai ake ambato a wa'azi ba.

Leda ce ta karya tsarin. Ba najasa ba ce, amma ba ta ruɓewa: tana bin taki zuwa gona, tana toshe cikin akuya har ta kashe ta. Nijar ta kafa dokar hana ta a 2014, sai dai har yau manomi kan tsince ta da hannu kafin ya watsa taki.